Tambayoyin Masu Karatu: Giyar Inabi a Ƙananan Gidajen Abincin Mutanen Meziko

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaci ne a wani kamfani da ke birnin Houston na jihar Teksas a ƙasar Amurka, kuma shekarata huɗu a nan. A watan da ya gabata abokan aikinmu uku suka zo daga reshenmu na Turai, aka ɗora mini nauyin kai su cin abincin dare. Na zaɓi wani ƙaramin gidan abincin mutanen Meziko da ke kusa da unguwarmu, domin na saba zuwa can da iyalina kuma ba mu taɓa cin abin da ya ɓata mana rai ba. Ni Musulmi ne, ba na shan barasa, kuma tun kafin mu zauna na shaida musu cewa kuɗin abinci yana kaina, amma mai son abin maye sai ya biya wa kansa. Biyu daga cikinsu suka nemi jar giyar inabi. A kan idona yarinyar da ke kawo abinci ta ɗauko wata kwalba da aka riga aka sha rabinta daga kan kanta, kusa da ƙofar kicin, ta zuba musu. Ɗayansu, wanda Bafaranshe ne, ya kurɓa sau ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ture kofin gefe, bai sake taɓa shi ba har muka tashi. Tun ranar abin yake damuna, domin a tarbiyyarmu baƙo ba ya tashi daga gabanka da ƙorafi. Shin gidan abincin ne ya cuce su, ko haka abin yake a ko'ina? Kuma ni ne na yi kuskuren zaɓen wuri? Daga wani mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Damuwar da ka nuna ta ɗan halak ce, domin da “baƙonka annabinka” aka rene mu, kuma wanda aka yi wa wannan tarbiyya ba ya jin daɗi idan ya ga baƙonsa ya ture ƙwarya. Hukuncin barasa a Musulunci sananne ne, wasiƙarka ma ta nuna ka kiyaye shi. Abin da zan ƙara shi ne akwai hadisin da ya yi hani da zama a kan teburin da ake zagayawa da giya, saboda haka yana da kyau ka zauna da limamin masallacinku ku tattauna yadda mai aiki irin naka zai riƙa yi da irin waɗannan liyafu. Ni dai abin da zan amsa maka shi ne tambayar da ka yi, kuma a taƙaice amsar ita ce ba a cuci baƙinka ba, an dai sayar musu da abin da gidan bai ƙware a kansa ba. Wanda ya je wurin mai tsire ya nemi alkaki yana iya samu, amma bai kamata ya auna gwanintar mai tsiren da alkakin ba.

Mu fara da kwalbar da ka gani a kan kanta, domin a nan rabin amsar take. Kwalbar giyar inabi ta yau da kullum tana ɗaukar mililita 750, wato kimanin kofi biyar a ma'aunin da gidajen abinci suke zubawa. Da zarar an cire murfinta iska ta shiga, sai iskar oksijin ta fara aiki a kanta: ƙamshin 'ya'yan itace ya gushe, launin ya fara komawa ruwan ƙasa, ɗanɗanon ya karkata zuwa tsami irin na ruwan khal. Masu sana'ar suna cewa kwalbar da aka buɗe ba ta wuce kwana uku zuwa biyar cikin hayyacinta, shi ma sai an mayar da murfi an saka ta a firiji. To a gidan abincin da mutum ɗaya ko biyu ne kawai suke neman giyar inabi a yini, kwalba tana iya yin mako guda a buɗe, kuma mai gida ba zai so ya zubar da sauran ba saboda asara ce. Sai ka haɗa wannan da wurin da aka ajiye ta. Jar giyar inabi an fi son ta a sanyin da ke tsakanin digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, alhali kanta da ke bakin ƙofar kicin, inda ake gasa nama da gurasar masara tun safe, ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, balle a birni irin Houston inda zafin bazara yake kaiwa digiri 35. Zafi yana hanzarta lalacewar, yana kuma sa warin barasa ya danne kowane ƙamshi. Mutumin da ya taso a Faransa kurɓa ɗaya ta ishe shi ya gane haka.

Sai kuma batun ciniki. Tun bayan da aka soke dokar haramta barasa a Amurka a shekarar 1933, tsarin da yawancin jihohi suke bi shi ne gidan abinci ba ya saye kai tsaye daga mai sarrafawa, sai ta hannun dillalin da yake da lasisi. Ƙaramin gida da ba shi da ma'aikacin da ya san giyar inabi yakan bar wa dillali zaɓi, shi kuwa dillali ya kawo masa ja ɗaya da fara ɗaya daga cikin masu araha da manyan kamfanoni suke yi da yawa, don kawai kada a ce babu. Ribar gidan tana wani wuri dabam, wato a giyar kwalba da ake yi da sha'ir da kuma haɗin da ake kira margarita, wanda ake yi da barasar tequila da lemun tsami. A jihar da kake zaune ma aka ƙirƙiro injin da yake fitar da margarita mai ƙanƙara, a birnin Dallas a shekarar 1971, a gidan abincin wani mutum mai suna Mariano Martinez, kuma injin na farko yana ajiye yanzu a gidan tarihi na Smithsonian. Injin da zai cika kofi cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da an zubar da komai ba, shi mai gida zai fi kulawa da shi fiye da kwalbar da take jiran mai saye.

Akwai wani dalili na uku da ya shafi harshe kansa, kuma ko da an buɗe wa baƙonka sabuwar kwalba mai tsada ba lallai ya ji daɗinta ba. Yajin barkono yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira kafsaisin, wanda yake taɓa jijiyoyin da suke sanar da jiki zafin wuta, ita kuwa barasa tana ƙara wa waɗannan jijiyoyin saurin kamuwa, shi ya sa mai ƙarfin barasa take ƙara rura yaji a baki. Jar giyar inabi kuma tana da bauri, irin wanda mai cin goro ya sani, wanda yake fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa. Bauri da yaji idan suka haɗu sai baki ya bushe, ɗaci ya fito fili. Ga lemun tsami da ake matsawa a kusan kowane faranti, ga ɗanyar albasa, ga miyar tumatir da barkono, dukansu suna rinjayar ɗanɗanon giyar. Wannan ne ya sa masana harkar suke cewa fara mai sanyi, mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa ta fi dacewa da irin wannan abinci, ja mai nauyi kuwa, wadda baƙinka suka nema, ita ce mafi wuyar daidaituwa da shi.

Kada wannan bayani ya sa ka ɗauka cewa Meziko ba ta san giyar inabi ba. A gaskiya ita ce ƙasar da ta fi kowace daɗewa da yin ta a nahiyar Amurka. Tun a shekarar 1524, jim kaɗan bayan da Sifaniyawa suka ci daular Aztek da yaƙi, jagoransu Hernán Cortés ya umarci waɗanda aka ba filaye su dasa kurangar inabi. A 1597 aka kafa gonar da a yau ake kira Casa Madero a garin Parras da ke jihar Coahuila, kuma har yanzu tana aiki, ita ce masana'antar giyar inabi mafi tsufa a nahiyar baki ɗaya. Abin da ya karya sana'ar siyasa ce. Da masarautar Sifaniya ta ga giyar ƙasar da take mulka tana neman hana tata ciniki, sai ta taƙaita dashen inabi, har a 1699 Sarki Carlos na Biyu ya hana yin giyar sai dai wadda coci take buƙata don ibada. Meziko ba ta sami 'yancin kai ba sai a 1821, kuma a cikin wannan dogon lokaci talakawa suka ci gaba da abin shan da suka gada daga wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya da ake kira agabe, wato pulque, daga baya kuma mezcal da tequila, sannan giyar sha'ir ta zo ta mamaye kasuwa, har ta kai yau Meziko ce kan gaba a duniya wajen fitar da ita zuwa ƙasashen waje. Idan aka raba, abin da mutumin Meziko yake sha na giyar inabi a shekara kimanin lita ɗaya ne, alhali na Bafaranshe ya haura lita 40. Baƙonka ya fito ne daga ƙasar da giyar inabi take kan kowane teburi, ya shiga gidan mutanen da a wurinsu ita baƙuwa ce a gefen abincin yau da kullum.

Wadda ake yi mai kyau a Meziko tana nan, mafi yawanta daga kwarin Guadalupe da ke kusa da birnin Ensenada a jihar Baja California, inda iskar tekun Fasifik take sanyaya gonaki, sai kuma tuddan Coahuila da Querétaro inda tsayin ƙasa yake rage zafi. Kamfanoni irin su Santo Tomás, wanda aka kafa a 1888, da L.A. Cetto da Monte Xanic sun yi suna. Sai dai abin da suke samarwa kaɗan ne, ruwa yana ƙaranci a kwarin, haraji kuma yana da nauyi a cikin ƙasar, domin akwai na musamman da ya fara daga kashi 26.5 cikin ɗari, ga na kayan masarufi kashi 16 a kai. Kaya kaɗan mai tsada ba ya isa kantar ƙaramin gidan abinci na unguwa, ko a Meziko kanta mafi yawan giyar inabin da ake sha shigo da ita ake yi daga Sifaniya da Chile da wasu ƙasashe. Da wuya ƙwarai a ce abin da aka zuba wa baƙinka daga Meziko ya fito.

Yanzu bari in gaya maka abin da ni nake auna irin waɗannan gidaje da shi. Na taɓa shiga ɗaya da tsakar rana, kuma abin da ya fara jan idona manyan tuluna uku ne na gilashi a jere kusa da wurin biyan kuɗi, kowanne da ludayi a ciki, ƙanƙara tana yawo a sama, raɓa tana gangarowa a jikinsu. Ɗaya ja ne jawur, ɗaya fari kamar nono, ɗaya ruwan ƙasa. Waɗannan su ne aguas frescas, wato ruwan sha mai sanyi da ake haɗawa a ranar, ba su da barasa, kuma su ne abokan tafiyar abincin Meziko na asali. Na nuna jan aka zuba mini, ina kurɓa na san shi, domin zoɓo ne, namu na gida, sai dai su ba su cika saka citta da kanumfari ba, kuma suna kiransa jamaica. Mai ruwan ƙasan tsamiya ce da aka jiƙa aka tace aka saka sukari. Farin kuwa shi ne horchata, wanda suke yi da shinkafar da aka jiƙa aka niƙa da kirfa, wani lokaci da madara, kuma asalin sunan daga Sifaniya ya zo, inda mutanen yankin Valencia suke yin nasu da aya, kusan daidai da kunun ayarmu, har ma wani ɓangare na ayar da Sifaniya take saye daga Nijar da Burkina Faso yake zuwa. Game da zoɓo, Meziko tana noma nata musamman a jihar Guerrero, amma ba ya isar ta, don haka tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Ba abin mamaki ba ne a ce ruwan da ke cikin jan tulun a unguwarku daga gonar wani manomin Jigawa furensa ya fito.

Waɗannan abubuwan sha sun dace da abincin ta hanyar da giyar inabi ta kasa. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ruwan sanyi ba ya kashe yaji sai na ɗan lokaci, amma madara tana kama shi ta wanke shi daga harshe, zaƙi kuma yana rage raɗaɗinsa, don haka horchata take kwantar da baki bayan miya mai barkono. Tsamin zoɓo da na tsamiya suna yanke maiƙon nama da cuku. Gidan da yake dafa zoɓonsa da kansa, yake jiƙa shinkafarsa tun dare, yake gasa gurasar masara a gabanka, gida ne da ya san aikinsa, ko da kuwa giyar inabinsa ba ta kai a kalle ta ba. Gidan da yake kaɗa garin leda a ruwa ya kira shi zoɓo, wannan shi ne wanda ya cancanci ƙorafi.

Saboda haka ban ga kuskure a zaɓenka ba, tunda ka kai baƙi inda ka amince da abincinsa har kake kai iyalinka. Abin da ya rage shi ne jagoranci. Idan irin wannan ta sake tasowa, tun kafin a zauna ka gaya musu cewa nan gidan abinci ne na unguwa, abin alfaharinsa yana cikin faranti da waɗancan tuluna, sannan ka sa a kawo wa kowa kofin jamaica ko horchata da kuɗinka, ka ba su labarin inda zoɓon yake fitowa. Baƙon da ya zo daga Turai ya sha giyar inabi sau dubu, amma mai yiwuwa bai taɓa zama da wanda zai nuna masa dangantakar gonar Jigawa da teburin Teksas ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a birnin San Antonio. Ƙawayena suna yawan gayyata ta gidajen abincin Meziko, kuma na ji an ce wasu abincin ana dafa su da giya. Wata ta ce mini wuta tana ƙone barasar gaba ɗaya. Gaskiya ne? Kuma ta yaya zan gane wanda aka saka wa? Daga wata mai karatu a San Antonio.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maganar ƙawarki ba daidai ba ce. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka take amfani da su sun nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka dafa na minti 15 yana riƙe da kimanin kashi 40 cikin ɗari na barasar, kuma ko bayan awa biyu da rabi a kan wuta ana samun ragowar kimanin kashi 5. Tana raguwa, amma ba ta ƙarewa.

Giyar inabi ba ta cika shiga girkin Meziko na yau da kullum ba, giyar sha'ir da tequila su ne aka fi sakawa, kuma sau da yawa sunan abincin yana tona asirinsa. Ki riƙe kalmar borracho ko borracha, ma'anarta “bugagge” a harshen Sifaniyanci: frijoles borrachos wake ne da aka dafa da giya, salsa borracha kuma miyar barkono ce da ake haɗawa da pulque ko giya. Kifin da aka tsoma a ƙullu aka soya don yin taco, wato gurasar da ake naɗe nama ko kifi a ciki, sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun, wasu kuma suna jiƙa naman gashi a cikinta kafin ya hau wuta, wannan kuwa ba a rubuta shi, sai kin tambaya. A ɓangaren abin sha, michelada tana kama da ruwan tumatir da lemun tsami amma giya ce, sangría giyar inabi ce da aka yanka wa 'ya'yan itace, rompope kuma madara ce da ƙwai da barasa, wanda wani lokaci ake zubawa a kan kayan zaƙi. Tepache, wanda ake yi da ɓawon abarba, barinsa ake yi ya tsima na 'yan kwanaki, don haka yana ɗauke da 'yar barasa ko da ba a ƙara masa komai ba. Lemon kwalba na Jarritos da ruwan Topo Chico ba su da komai, haka ma zoɓo da tsamiya da horchata na cikin tulu.

Tunda kin yi tambaya a kan abin da yake ɓoye cikin girki, ki haɗa da kitsen alade, wanda suke kira manteca, domin ya fi barasa yawa a wannan abinci. Da shi ake soya dakakken wake a gidaje da dama, yana shiga tamales, wato ƙullun masara da ake turarawa a cikin ganye, yana kuma shiga gurasar alkama ta gargajiya, alhali gurasar masara yawanci garin masara ne da ruwa kawai. Carnitas da al pastor da chorizo kuwa galibi naman alade ne. Idan mai kawo abinci bai tabbata ba, ki roƙe shi ya leƙa kicin ya tambayi mai girki, kuma kalmomi uku sun ishe ki ko da ba kya jin Sifaniyanci: cerveza ita ce giya, puerco shi ne alade, manteca kuma kitsensa.